Sunan da Marnie Ta Ƙi Kira

"Ki dube ni, Marnie. Ajiye rigar nan ki dube ni!"

Ba ta ajiye ba. Kanta na sunkuye, tana ɗinke maɓallin wata jar riga daga cikin rigunan 'yan badujalar jami'a. Ɗakin ajiyar kayan sai warin gumi da man goge ƙaho yake yi. Ranar ƙarshe ce kafin hutun hunturu, kowa ya watse, sai 'yan hidima da ke haɗa kayan tafiya faretin sabuwar shekara.

"Ina jin ka, Emmett. Ai da kunne ake ji, ba da ido ba."

"Yolanda ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce in roƙe ki don Allah ki ƙyale ta ta huta."

Allurar ta tsaya cak.

Dokar ƙungiyar ba ɓoyayya ba ce. Masu busa ƙaho sun fi guraben fili yawa, shi ya sa kowane sahu yake da ɗan benci, kuma Marnie ce 'yar bencin sahunsu. Duk ranar Litinin ɗan benci zai fito gaban jama'a ya kira sunan mutum ɗaya daga sahun, su biyun su busa, su yi maci a gaban malami. Wanda ya fi, gurbi nasa ne. Wanda ya faɗi kuwa sai ya koma gefen fili, ya tura kurar ruwa, ya ɗauki tsanin malami, ya gyara riguna.

Tun farkon zango Marnie ba ta taɓa kiran wani suna ba sai na Yolanda. Yolanda kuwa ita ce gwanar sahun, ko malaminsu, Mista Pruitt, sai ya sassauta murya in zai yi mata gyara.

"Ta ce kowa a sahun ya san wanda za ki kayar da numfashi ɗaya," in ji Emmett. "Kowa ya sani ban da ni! Ni ne sakaran da ke lallashinki duk Litinin, ina cewa kar ki damu, rabin raina, mako mai zuwa naki ne!"

"Emmett, don Allah..."

"Ni ne ko ba ni ba ne?"

Ta ji kunnuwanta suna ɗaukar zafi.

"Shekararka ta ƙarshe ce," ta ce can ƙasan maƙoshi. "Tun shigowarka kake benci, sai bana ka samu gurbin nan. Ni ina da sauran lokaci..."

"Ashe sadaka aka ba ni."

"Ba sadaka ba ce! So ne, masoyina..."

"Kar ki kira ni haka yanzu." Ya dafe bango kamar mai jin jiri. "Kin san abin da na gaya wa mahaifiyata? Na ce mata babu wanda ya iya tunkarata duk zangon nan. Har kuka ta yi. Ashe ana can ana dariyata a bayan fili."

Ya juya zai fita.

"Jajibirin Kirsimeti fa?" ta ce da sauri. "Kaka ta sa rai za ka zo..."

Ƙarar rufe ƙofa ce ta ba ta amsa.

Ta zauna da rigar a cinya, hawaye na ɗiga a kan jan yadin. Abin da Emmett bai sani ba shi ne, akwai wata kunyar da ta fi wannan nauyi tana jiran ta a gida.

*

Mahaifinta, Len Dombek, shi ya zo ɗaukar ta a tasha da tsohuwar a-kori-kurarsa mai warin nono da ciyawa. Dusar ƙanƙara ta rufe gonaki fari fat, ba ka gane inda shingen wani ya tsaya na wani ya fara.

Duk wanda ya yi aure a garin nan shekarun baya, ƙahon Len ne ya tayar da mutane rawa a bikinsa. Yana kan ganiyarsa wata saniya ta harbe shi ta zubar masa da haƙoran gaba, busa ta ƙare. Daga nan ya ɗauki ƙahon ya damƙa wa 'yarsa tun tana ƙarama, a cikin garke ya koya mata, shanu na kallo.

"Na gan ki a wasan ƙarshe!" ya ce tun kafin ta rufe ƙofar motar. "Sahu na huɗu, ta biyu daga ƙarshe. Har kan kujera na hau ina ihu, Kakarki ta ce zan fasa mata talabijin."

"Kai, Baba..."

"Amma kina jan ƙafar hagu wajen juyawa, 'yar Baba. Na lura tun tuni. Kuma abin mamaki, a talabijin kafaɗunki sun buɗe kamar na ɗan dambe, ga shi a ido duk kin rame."

"Rigar ce, Baba. Akwai soso a kafaɗar."

Ta juya fuska wajen taga.

A makon farko na zango ne abin ya faru. Tana zaune kusa da kurar ruwa ya kira ta, muryarsa har rawa take don murna, ya ce, "Wane gurbi aka ba ki? Gaya min in san inda zan sa ido." Bakinta ya kasa furta kalmar benci. Sai ta faɗi gurbin da idonta ya fi sani a duk filin, gurbin Emmett. Daga sama ake ɗaukar hoton, kowa da jar riga da doguwar hula, wa zai gane wani? Ta ce a ranta mako ɗaya ne kawai, za ta gyara. Mako ya bi mako.

"Ina da albishir," in ji Baba, yana buga sitiyari da yatsa. "Gus maƙwabcinmu ya yarda zai riƙe min shanu. Zan je faretin sabuwar shekara!"

Marnie ta juyo da sauri.

"Baba, ai da nisa... kwana biyu fa a mota. Ga bayanka."

"Bayana ya yi ta kansa! Tunda aka haife ki ban taɓa kwana nesa da shanun nan ba. Amma wannan karon a bakin titi zan tsaya, in gan ki da idona, ba ta gilashi ba. Ina fatan za ki ji muryata a cikin gangunan nan."

"Zan ji," ta ce. A zuciyarta kuwa hoton kanta take gani, can bayan sahu na ƙarshe, tana tura kura, Baba yana ɗage yana neman ta a inda ba ta nan.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta sha da daɗi ba. A coci aka riƙa rungumar ta. Mai shagon abincin dabbobi ya ce ya nuna wa jikokinsa ita a talabijin. Duk wanda ya ce mata sannu da ƙoƙari, sai ta ji kamar ya watsa mata ruwan zafi. Ta kira Emmett har ta gaji, bai ɗauka ba.

*

Ranar jajibiri Kaka Bernice, mahaifiyar Baba, ta wuni a kicin. Jar miyar wata saiwa mai kama da gwaza, soyayyen kifi, da ƙullin fulawa mai cuku a ciki. Kamar kowace shekara ta jera faranti ɗaya fiye da yawan mutanen gida, na baƙon da Allah zai iya jefowa. Ana jiran tauraron farko ya fito a zauna, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Emmett ne, ƙanƙara a kafaɗunsa, burodi a hannu. Bai kalli Marnie ba.

"Na yi wa Kaka alkawari," ya ce.

"Ga mijina ya iso!" in ji Kaka, tana goge hannu da tsumma. "Kai, wannan tsawo haka! Marnie, da tsani kike gaishe shi? Shigo, dogo, kar ka daskare min a ƙofa, ba ni da inda zan ajiye ka."

Baba ya riƙe hannunsa ya girgiza da ƙarfi, ya zaunar da shi a gaban farantin baƙo.

"An ce kai ma ƙaho kake busawa. Wane gurbi kake?"

Marnie ta buɗe baki, amma ta makara.

"Sahu na huɗu, na biyu daga ƙarshe, Mista Dombek."

Baba ya fashe da dariya. "A'a, samari, sanyi ya ruɗa ka. Wannan ai gurbin Marnie ne!"

Sai a lokacin Emmett ya ɗago ya dube ta. Ta ga yadda abin ya sauka a fuskarsa a hankali, ta ga ya gane komai. Ta so ƙasa ta tsage.

"Haka ne," ya ce a nutse. "Na ruɗe. Ni ne na ƙarshe... kusa da ita."

Wannan ƙaryar da ya yi dominta ta fi duk faɗan da ya yi mata ciwo.

Kaka ta kawo oplatek a faranti, farar wainar nan siririya kamar takarda. Ba a taɓa abinci sai kowa ya karya daga ta ɗan'uwansa, an yi wa juna fatan alheri, an yafi juna. Baba ya miƙe, ya miƙo wa Marnie tasa.

"Karya, 'yar Baba. Allah ya ƙara miki numfashi. In na taɓa ɓata miki, ki yafe. Abin da saniya ta ƙwace min, ke kika dawo min da shi."

Ta miƙa hannu. Yatsunta suka taɓa wainar, suka kasa karyawa.

"Baba... ba ni ba ce."

"Ba ke ba ce me?"

"Wadda kake gani a talabijin. Ba ni ba ce! Emmett ne. Ni ko sau ɗaya ban taka filin ba. A benci nake, ruwa nake turawa, riguna nake ɗinkewa... Tun ranar farko ƙarya na yi maka!"

Kuka ya ƙwace mata.

Baba ya daɗe yana kallon ta. Bai ɗaga murya ba. Ya sa wainar a aljihun riga, ya ɗauki kwat ɗinsa.

"Bari in duba shanu," ya ce, alhali tun la'asar ya gama tatsa.

Kaka ta rufe tukunyar miya.

"To me kike jira? Miya hucewa take, ba guduwa ba. Bi ubanki. Kai ma dogo tashi, ai da kai aka yi."

*

Sun same shi a garke, yana gyara ciyawar da ba ta buƙatar gyara. Numfashin shanu ya ɗumama wurin.

"Ni na koya miki busa," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Na san abin da ke bakinki. Kina so ki ce min duk sahun nan babu wanda za ki iya kayarwa?"

Ta sunkuyar da kai, ta gaya masa komai. Litinin, da sunan Yolanda, da dalilin. Tana magana tana jin Emmett a bayanta.

Baba ya jingine babban cokali mai yatsun da yake kwasar ciyawa da shi.

"Tura ruwa ba abin kunya ba ne, Marnie. Ni nan me nake yi tun asuba in ba shayar da masu ƙishi ba? Da kin ce min benci aka ba ki, da na ce sannu, ki ƙara himma. Amma ki fito gaban mutane da ƙahona a hannu, ki zaɓi faɗuwa da gangan, sannan ki bar ni ina hawa kujera ina yi wa ɗan wani ihu..." Ya girgiza kai. "Duk garin nan na bi ina faɗa."

"Ka yafe min, Baba. Na kasa ne... yadda ka yi murna a wayar nan, na kasa."

Ya dubi Emmett. "Kai ka sa ta?"

"Ban sani ba sai makon jiya, Mista Dombek. Da na sani, da ban kwana da gurbin ba."

"Hmm." Baba ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Ashe kai ne. To samari, kana jan ƙafar hagu."

"An sha gaya min."

"Kuma ba ka gyara ba?"

"Ina kan ƙoƙari."

Emmett ya matso gaban Marnie. Karo na farko tun ranar faɗansu ya riƙe hannunta.

"Akwai ƙalubale ɗaya da ya rage, ranar da za mu koma, kafin a hau mota. Ki kira sunana."

"Emmett, in na kayar da kai shi ke nan fa! Faretinka na ƙarshe ne. Ba za ka ƙara sa jar riga ba har abada."

"Na sani."

"To don me..."

"In ba ki kira ba zan sa rigar, amma ba zan iya ɗaga kai a cikinta ba. Kuma duk ranar da kika ce min na yi ƙoƙari a wani abu, zan riƙa tambayar kaina ko tausayi ne. Ba zan iya zama da ke haka ba, rabin raina. Ki ba ni faɗan gaskiya sau ɗaya. Kar kuma ki ɗauka zan bar miki a banza."

Ta dubi mahaifinta da jajayen idanu.

"Ni ban fasa zuwa ba," in ji Baba. "Na riga na roƙi Gus, ba zan koma in ce masa na fasa ba. Abu ɗaya nake so, in san wanda nake kallo."

Ya laluba aljihu ya fito da wainar, gefenta ya ɗan gutsure.

"Zo ki karya. Kin san Kakarki, ba za ta ba mu ko cokali ba sai an yi."

Ta karya, ta faɗa ƙirjinsa tana kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya miƙa wa Emmett ragowar ta saman kanta.

*

Ranar komawa, a rufaffen filin atisaye aka taru saboda sanyi. Motocin tafiya na jere a waje. Mista Pruitt ya hau tsaninsa ya ce, "Sahu na huɗu. Dombek, wa kike kira?"

Yolanda har ta fara cire safar hannu tana tsaki.

Marnie ta fito.

"Emmett Haugen."

Wani daga cikin masu ganga ya ce, "Tofa!"

Emmett ne ya fara. Tunda ta san shi ba ta taɓa jin ya busa haka ba. Leɓensa ya tsage don atisaye, amma sautin ya fita tas, ya yi juyi ƙafarsa ba ta ja ba. Har Yolanda sai da ta ɗaga gira.

Sai nata. Ta ɗora ƙaho a baki ta fara. Da ta doshi wurin da sautin ke hawa can sama, wata zuciya ta ce mata, ɗan zamewa kaɗan, wa zai sani? Ta saci kallonsa. Idonsa na kanta, ya girgiza kai a hankali.

Ta rufe ido ta saki numfashinta duka. Sautin ya tashi ya bugi rufin ƙarfe ya dawo.

Mista Pruitt bai ko yi dogon tunani ba.

"Dombek, gurbi. Haugen, benci." Ya leƙo ta saman tabarau. "Dombek, ina kika ɓoye wannan tun farkon zango?"

Wani daɗi ne ya taso mata tun daga tafin ƙafa, daɗin da ba ta gayyata ba, kuma kunyarsa ta kama ta nan take.

"Na gode wa Allah, na huta!" in ji Yolanda, aka kwashe da dariya.

Emmett ya zo ya ba ta hannu kamar yadda aka saba, ya juya ya fita.

Ana sallamar su ta ruga nemansa. A bayan ɗakin kaya ta same shi, a bakin famfo, yana cika jarkokin kura. Ruwa ya jiƙa masa gaban riga. Idanunsa sun yi ja.

Ta tsaya nesa kaɗan.

"Da zafi?"

"Kamar an zare min haƙarƙari."

"Ka tsane ni?"

"Yau dai... kaɗan." Ya yi wata dariya da hawaye a ciki, ya goge fuska da hannun riga.

"Gobe fa?"

"Gobe ki fito da wuri ki koya min tura abar nan. Sai karkacewa take tana neman bango."

"Tayar hagu ce. Sai ka danna da gwiwa..." Ta matso kusa da shi. "Emmett, ka busa da kyau. Wallahi ba tausayi ba ne."

"Na sani," ya ce. "Yau kam na sani."

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Baba ne. Ta ɗauka, ta buɗe baki, kuka ya hana ta magana. Emmett ya karɓa ya buɗe muryar wayar yadda za ta ji.

"Mista Dombek, ni ne. Ta kayar da ni."

"Ta yi maka sassauci?"

"Ko kaɗan. Ba ta bar min ko wurin tsayawa ba."

Daga wancan ɓangaren suka jiyo kukan wata saniya can nesa. Suka ji Baba ya fyace hanci.

"To madalla," ya ce da dusasshiyar murya. "Kai kuma a ina zan gan ka?"

"Can baya, bayan masu ganga. Ni ne mai kurar ruwa."

"Zan jira har ka wuce. Kuma ka daina ce min Mista, ba a banki muke ba. Ka ce Baba."

Emmett ya matso da wayar kusa da bakinsa.

"To... Baba."

Marnie ta kifa fuskarta a jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya zagaye ta da hannu ɗaya. Jarkar da ke bakin famfo ta cika tana malala a kan takalmansu, babu wanda ya motsa ya rufe.